Clive Mai Laima Biyu

Tun yana rarrafe na san Clive Ackroyd, direban bas ɗin unguwarmu, kuma har yau ban gane kansa ba. Mutum ne da ke fita da laima biyu, wai ko ɗaya za ta karye. Ranar aurensa ma zobe biyu ya zuba a aljihu.

Da 'yarsa Bethan ta sami gurbi a jami'o'i biyu, ta sa ta garin Durham a zaɓin farko, ta ajiye ta garin Hull ko da maki zai gaza. Gogan naka ya lallaɓa Hull ya kama mata ɗaki, ya hana ta neman na Durham, wai cika baki ne.

Sakamako ya fito a Agusta, yarinya ta cinye. Durham ta karɓe ta, ɗakunan ɗalibai kuwa sun ƙare tas.

Na leƙa ta katanga na gan shi ya rafka tagumi, shayinsa ya huce. Na ce, "Kai Clive, ka shirya wa ruwa, ka shirya wa iska, me ya hana ka shirya wa rana?"

Ya ce, "Gaskiya, Inna Mavis, ban taɓa zaton abu zai yi kyau ba."

"To ga shi ya yi, sai haƙuri!"

Ƙanwata Doreen na zaune a Durham, tana da ɗakin da ba kowa sai kyanwoyi. Can Bethan take yanzu, tana karatu tana atishawa saboda gashin kyanwoyin. Clive da kansa ya kai ta, ya yanko mata makulli biyu.