Gidan da Yaya Ya Gani a Ingila

A shekarar 2018 ina aiki a wani kamfanin zanen gine-gine a Dubai. Yayana kuma yana da shago a unguwar Al Sabkha, nan Dubai a tsallaken ruwa, yana tura kaya Kano. Wata Juma'a ya kira ni, na hau abra, ƙaramin jirgin ruwan nan, na haye daga Bur Dubai zuwa wurinsa. Dawowarsa ke nan daga Ingila. Ko wata bai yi a can ba, amma yana magana kamar da shi aka kafa ƙasar.

Ya miƙo mini wayarsa. Hotunan gidaje ne na jan bulo a jere, manne da juna, kowanne da bututun hayaƙi a ka da ƙatuwar taga mai kallon titi.

"Irin wannan za ka zana mini," in ji shi. "Za a rushe gidanmu na Kano a gina wa Inna shi. Khalas, magana ta ƙare."

Na zaci wasa yake yi. Da na ga ba wasa ba ne, sai raina ya ɓaci. A makaranta mun karanta tarihin gine-ginen Ingila har ya ishe mu. Na gaya masa an jera gidajen nan ne lokacin da masana'antu suka cika garuruwansu da ma'aikata, fili ya yi wuya. Bututun na murhun kwal ne, saboda sanyi. Tagar kuwa sun buɗe ta ne don rana tana yi musu rowa. Mu da rana ke kora cikin inuwa, me za mu yi da ita?

"Yaya, ina za ka sa tsakar gida? Ina zaure?"

"Habibi, duniya ta ci gaba. Kai da bokonka kake maganar zaure?"

Inna a tsakar gida take wuni. Nan take shanya kuɓewa, nan maƙwabta ke samunta, da zafi ma nan take kwana. Abin da ya fi ƙona mini rai, mutanen da yake kwaikwayo ɗin, wasu tsofaffin gidajensu ko taga ba a canza musu sai da izinin hukuma. Shi kuwa gidan da kakanmu ya gina da tubali zai sa wa katafila.

Na ce ba zan zana ba. Ya samu wani ya zana. Na kira Inna ina ta faɗa, ta ce in yi haƙuri, yaron so yake ya kyautata mata. Mutum mai 'ya'ya shida ne fa yaron!

Korona ta tsare ni, sai a 2021 na je Kano. Ga gida nan jawur, mutane na wucewa suna ɗaukar hoto. Tagar falo a rufe ruf da labule saboda masu leƙe, ciki kamar tanda. Na iske Inna a lungun bayan kicin, ta matse tabarmarta tsakanin katanga da tankin ruwa.

Ta daɗe tana sa wa Yaya albarka. Sannan ta rage murya.

"In ka koma, ka lallaɓa shi, kada ya ji haushi. Ko ɗaki ɗaya ne a cire mini rufinsa. Ina so in riƙa ganin sama."