Mundayen Turai a Cikin Inji

Shittu maƙerin fari ne a Wurno, mai ƙera zobe da mundaye. A zamanin Turawa ya yi aikinsa, kuma iyakar abin da ya taɓa faɗa a kansu shi ne anininsu ba ya narkewa da daɗi. Mafaɗaci ne na gaske, ko zuga-zugi ya yi masa gardama sai ya zage shi. Amma a ranin da matarsa Turai ta rasu, faɗan ya ɗauke ɗif. Bai yi kuka ba. Ba baƙin ciki yake ji ba, ba ya jin komai ne kawai. A ba shi tuwo ya ci, a manta da shi ya zauna.

Kwana ashirin da rasuwar sai ga Lauwali, tsohon soja da ya koyo kanikanci a yaƙin Bama, wanda ke kula da injin ban-ruwan manoman fadama. Injin ya mutu, albasa ta fara kwanciya. Ya ajiye wa Shittu wani dunƙule da ya kira kwayil, abin da ke ba inji tartsatsi. Waya iri biyu ce a naɗe, siririya da mai kauri, mai kaurin ce ta ƙone. Sabuwa sai daga Ikko, wata biyu.

"Baba Shittu, waya nika so ka ja mani, kaurin tsinken tsintsiya, kamu talatin."

"Ta mi?"

"Ta jan ƙarhe."

Shittu ya tashi, don an ce ya tashi. Yana da ɗan guntun jan ƙarfe, ya narka shi, ya zuba masa tutiya da yawa ya zama tagulla. Haka ubansa ya koya masa, maƙerin kirki ba ya sakin ƙarfe mai laushi, kunya ce. Ya ja wayar ta cikin hudojin ƙarfen jan waya, ya lulluɓe ta da zaren auduga da kakin zuma. Ta yi kyau, a gaskiya. Lauwali ya naɗa, ya ɗaura, ya murza inji har hannunsa ya sage. Tartsatsin ya fito ja, ɗan mitsitsi, injin ya yi tari biyu ya yi shiru.

Da Lauwali ya ji abin da aka zuba, ya dafe kai. "Wutar ga ba ta son gauraye, Baba. Zalla takan bi. Mai taushin nan da kaka rainawa, shi taka so."

Aka nemi zallan a Rabah, aka aika Goronyo, duk tagulla ce. Zallan jan ƙarfe ɗaya Shittu ya sani, mundaye biyu masu nauyi da Turai ta gada wajen kakarta. Suna cikin kwalla a ɗakinta, ba a raba gado ba tukuna. Kowa ya san na Hassana ne, 'yarsu tilo da ke aure a Taloka, don tun tana goye take wasa da su. Shittu ya san taɓa kayan mamaci kafin rabo babban laifi ne. Ya tsaya a ƙofar ɗakin yana jira zuciyarsa ta hana shi. Ba ta ce komai ba. Ya shiga ya ɗauko, ya jefa su a tukunyar narki, duka biyun, alhali guda ta isa.

Wannan karon tartsatsin ya fito shuɗi, yana ƙas-ƙas. Injin ya kama, ruwan Rima ya bi lambuna, manoma suka yi ta sa masa albarka. Shi kuwa ya koma gida ya zauna inda ya saba.

Ranar sadakar arba'in Hassana ta zo. Aka shimfiɗa tabarma, liman ya sa aka fito da kayan marigayiya, zannuwa da tasoshi da kwalla. Ta buɗe kwallar, ta leƙa, ta sake leƙawa.

"Baba, ina mundayen Inna?"

Bai ɓoye ba. Ya faɗa mata a gaban kowa, da murya irin ta mai ba da labarin kasuwa. Liman ya sunkuyar da kai. Hassana ba ta ɗaga murya ba.

"Duka biyu? Ko guda ba ka bar mani ba?"

Ya shiga maƙera ya dawo da ragowar wayar a murɗe, ya miƙa mata. Ta karɓa ta juya ta, ta kai hanci ta sansana. Ƙaurin gawayi kawai take yi.

"Wagga ba ta san hannun Inna ba," in ji ta, ta ajiye masa a kan tabarma.

A nan Shittu ya ji abin ya soke shi a ƙirji, karon farko cikin kwana arba'in. Ya buɗe baki zai kira sunan Turai, sai kuka ya riga sunan fitowa.