Kawu Ya Gaya wa Waya Gaskiya

Kawuna manomi ne, amma sana'ar da ya fi ƙwarewa a kai ita ce kuka. Tun ina yarinya ban taɓa jin damina ta yi masa daidai ba. In ruwa ya sauka, ya yi yawa. In ya ɗauke, an kashe shi. Ka tambaye shi amfanin gona, sai ya langaɓar da kai ya ce, "Bana kam babu, sai dai a gode wa Allah da rai." Har sunansa na yanka ya ɓace, kowa Bana-Babu yake ce masa.

Kukan nan shi ne katangarsa. Danginmu yawa gare su, kuma da kaka kowa da buhunsa a hammata. Kawu ya gane tun da wuri ba a roƙon mai hawaye. Sai ya gina rumbunansa a bayan garken awaki, yana shigo da hatsi a amalanke an lulluɓe da kara, ya kuma ajiye wata riga mai faci musamman don tarbar baƙi.

Ana nan sai ga wata jami'ar gona a kan babur, ta zo sa wa manoma manhaja a waya.

"Baba, ka riƙa gaya mata abin da ka shuka da abin da ka girbe," in ji ta. "Ita kuma ta gaya maka lokacin zuba taki, ta nemo maka mai saye."

Kawu ya jujjuya wayar. "'Yata, tana da dangi?"

"Wa?"

"Wayar."

Jami'a ta yi dariya ta ce babu. Wani dogon rubutu ya fito, ta ce ai ba komai ba ne, ya danna koren maɓallin da ke ƙasansa. Kawu ya danna da babban yatsa, har da bisimilla.

Abin da ba mu sani ba shi ne, mutumin da ya yi shekara da shekaru yana ɓoye arziki, alfahari na cin sa a ciki. Ga shi ya samu mai saurare marar baki, marar buhu. Kullum sai ya shige tsakiyar masara, ya waiga hagu da dama, ya kara waya a baki. Ya ɗauki hoton zangarniya, ya ɗauki na rumbu ciki da waje. Abin da ba a tambaye shi ba ma faɗa yake. Matarsa ta ce a lokacin har ƙiba ya yi.

Ashe koren nan izini ne. Bayanan suka tafi ƙungiyar manoma, ƙungiya ta miƙa wa dillalai, dillalai suka miƙa wa masu sayar da taki. Su kuwa masu taki suka ga sun tsinci talla a ɓagas. Wata safiya wayoyin gari suka yi ƙara kusan tare, kowa ya danna, sai ga muryar Kawu tangaram: "Ni fa ban taɓa faɗuwa a noma ba! Hatsin bara waccan ma ban taɓa shi ba. Kukan da kike ji ina yi, na korar ƙuda ne."

Mu ne ƙudan.

Kawu ya zura rigar faci ya zauna a ƙofar gida, ya haɗa rai, yana jiran masu buhu. Ya tanadi bayani: an kwaikwayi muryarsa ne, zamani ya lalace. Har azahar ba wanda ya zo. Masu wucewa sai su gaishe shi da "manomin zamani", su yi gaba suna ƙunshe dariya.

Da la'asar innata ta iso, ƙanwarsa uwa ɗaya uba ɗaya. Tun rasuwar babanmu 'yar gonar bayan gida ce ke riƙe da mu, amma duk kaka sai ta ɗebi kwano daga ɗan abin da muka samu ta kai wa yayanta, don tausayi. Yana karɓa kuwa, har da sa albarka. Wannan ne abin da har yau in na tuna raina ke ɓaci.

Kawu ya fara, "Wallahi wayar nan ƙarya..."

"Ban zo roƙo ba, Yaya," in ji Inna. Ta sauke kwanon daga kanta, ta ajiye a gabansa, cike da masara. "Na bana ne. Na riga na auna maka kafin saƙon ya shigo."

Ta gyara mayafinta ta juya. Kawu ya buɗe baki zai yi kuka, na gaske wannan karon, amma ba wanda ya tsaya ya ji.