Tsoho Kuang da Roƙo na Uku

Shekara talatin da huɗu Kuang Deshun ya yi a masana'antar motoci ta garinmu, aikinsa ɗaya: maƙala tambari a hancin mota. Wasu su ɗora inji, wasu su sa ƙofa, a fesa fenti, sai motar ta gangaro ƙarshen layi ba suna ba dangi. Shi zai ɗaure noti biyu, ya goge da hannun riga, ya ɗan mare ta a kwiɓi, ta shiga duniya.

Motocin ba na gayu ba ne. 'Yan a-kori-kura ne da ƙananan bas masu siffar burodi, na jigilar kabeji da aladu, da gawa in ta kama.

Ya shigo tun masana'antar tana hannun gwamnati, ana ce mata Farin Zalɓe. A wancan zamanin a asibitinta za a haife ka, ka yi makarantarta, ka auri 'yar layin fenti, ranar da ka mutu motarta ta kai ka. Sai aka yi haɗin gwiwa da wasu Japanawa, suka zagaye zalɓen da ke tambarin da zobe. Suka tafi. Wani attajirin kudu mai sayar da firji ya saye ta, ya tsige zalɓen, ya sa sunan 'yarsa. Bayansa Turawa, bayan Turawa gwamnatin birni ta karɓe kayanta tana tsaki. Kowane sabon mai gida kuwa, kafin ya tambayi inda bayi yake, tambari yake fara canzawa.

“Ni na san tarihin wurin nan,” in ji Kuang. “Mota ɗaya na yi wa uba biyar.”

Uba na shida, masu motar batir, sun zo bayan ya yi ritaya. Yanzu hannun ƙarfe ke manna tambarin da gam, ba ya marin kowa.

Duk tambarin da aka kora, Kuang na ajiye ɗaya a gwangwanin kek ɗin bikin wata. A ƙasansu, naɗe da jan ƙyalle, zalɓen farko yake. Shifu Tong Yulan, wato gwanar aiki Tong, ce ta ƙera shi, matar da ta koya wa Kuang aiki. Shekarar da aka haɗa motar farko da hannu, ƙarfe ya yi ƙaranci, ta ɗauko tukunyar dalma ta gidanta, ta daddage ta da guduma, ta yanko tsuntsun. Wata guda suna dafa abinci a kwanon wanke fuska, mijinta na fushi. Ƙafar zalɓen ɗaya ta fi ɗaya gajarta, don nan ramin mariƙin tukunyar ya faɗo, jikinsa kuwa duk sawun guduma. Ranar da mai firji ya ce a zubar da tarkace, ita ta cusa wa Kuang shi a aljihu. Ta rasu sunanta ba ya jikin bango, ba ya cikin littafi. Abin da ke ci wa Kuang rai ke nan. Sau ɗaya kawai yake so a faɗi sunan nan a bainar jama'a.

Sai ga labari masu batir za su yi bikin cika shekara sittin. Kamfanin nasu shekararsa tara a duniya, amma da ya sayi gidan har da shekarun ya haɗa. Aka zaƙulo motar farko daga wata rumfa, aka kori kajin da ke ciki. Kuang na jin haka ya zauna ya rubuta jawabi, shafi guda, tun ba a gayyace shi ba.

Ran wata Talata da hantsi Manaja Shen ta hau benensu hawa huɗu da kwalin tuffa. Daga hedkwata aka turo ta, ta daɗe a ƙasashen waje, mace mai fara'a da saurin tafiya. Guizhi, matar Kuang, ta zuba mata shayi.

“Shifu Kuang, an ce zalɓen farko yana wurinka.”

Ya ɗauko, ya warware ƙyallen, ya miƙa mata da hannu biyu. A ƙa'ida sai ta turo masa, ta ce abin ya fi ƙarfinta, ya sake miƙawa, ta sake turowa, a na uku ta karɓa tana sunkuye. Ita kuwa sai ta ce ta gode, ta ɗauke shi hoto, ta jefa a jaka kusa da lema.

“Muna kuma so ka hau dandamali ranar bikin. Kai za ka yaye wa motar mayafi, ka yi magana ta minti uku.”

Zuciyar Kuang ta yi tsalle, fuskarsa ba ta motsa ba.

“Ni wa? Mai ɗaure noti? Ku nemi manya, Manaja.”

“Da gaske kai muke so.”

“Ƙafar nan ma ta dame ni. Kuma bakina bai saba da taro ba.”

Biyu ke nan. Ya ɗauki kofin shayi yana hurawa, yana jiran na uku, har ya shirya yadda zai yi ajiyar zuciya ya ce tunda kin matsa. Manaja Shen ta dube shi da tausayi.

“To ba za mu takura maka ba, Shifu. Lafiyarka ta fi mana komai.”

Tana sauka, Guizhi ta tsaya a kansa da buta a hannu.

“Wace ƙafar ce, tsoho? Wadda ka bi bas da ita jiya da gudu?”

“Za ta dawo. Mai tarbiyya ce.”

“Tuffa ta kawo, zalɓe ta tafi da shi. Ita dai ta gama cinikinta.”

A lambun unguwa, inda tsofaffin ma'aikata ke buga darar nan mai doki da sarki, Tsoho Mu na layin inji ya yi dariya har ya ƙware.

“Ɗan'uwa Kuang, mutanen yanzu sau ɗaya suke tambaya. Kai har biyu ka samu, ka ce ba a girmama ka ba? Ɗauki waya ka kira ta.”

“Da wace fuskar? In ƙi sau biyu a gaban matata, sannan in bi ta ina roƙo?”

“Fuskar taka ai ba tambari ba ce, babu mai ajiye ta a gwangwani. Tura dokinka, ka tsare mana wasa.”

Kwana goma sha ɗaya Kuang yana jira. Ya goge takalmi. Ya haddace jawabin. Ko bayi zai shiga da wayar yake shiga. Abin da ya iso a ƙarshe katin da aka aika wa duk 'yan ritaya ne: kujera a layi na goma sha huɗu, da tawul kyauta a bakin ƙofa.

Ya je, cikin shuɗiyar rigar aikinsa. Shugaban kamfanin, wanda bai taɓa ganin motar ba sai da safen nan, ya ja mayafi, aka tafa. Wata mai zaƙin murya da aka ɗauko haya ta karanta tarihi, ta tsallake mai firji, ta tsallake shekarar da aka sallami mutum dubu uku. Da aka tashi, Kuang ya kutsa har gaban motar.

Zalɓen na nan a hancinta yana ƙyalli kamar cokalin otal. An kai shi an shafe sawun gudumar kaf, an yi masa ruwan azurfa, an ƙara wa gajeriyar ƙafar tsawo. A ƙasa an rubuta: aikin hannun ma'aikatanmu.

“Shifu Kuang, ashe ka samu zuwa.” Manaja Shen ce, da murnarta ta gaskiya. “Ƙafa ta yi sauƙi? Ka ga yadda muka gyara shi? Gobe za a kafa allon dindindin. In akwai abin da kake so a ƙara a rubutun, faɗa mini yanzu.”

Takardar jawabin na aljihunsa na ƙirji, yana jin kaifinta. Guizhi ta mintsine shi a gwiwar hannu. Ya buɗe baki, sai bakin ya yi abin da ya saba yi shekara sittin da wani abu.

“A'a, ba komai. Kada ki wahalar da kanki.”

“To madalla,” in ji ta. Wani ya kira ta daga dandamali, ta tafi da saurinta.

Da suka isa gida ya buɗe gwangwanin, ya naɗe jawabin a jan ƙyallen, ya sa shi a ƙasa, ya jera tambarin iyayen gidan nan a kansa ɗaya bayan ɗaya.