Hawayen Ido Ɗaya

A shekarar da Baba ya rasu, idon Inna na hagu ya fara zubar da hawaye, ya kuma ƙi dainawa.

Gidanmu yana wani lungu a Fagge, inda masu tura dilolin atamfa suke ratsawa zuwa Kantin Kwari. A kasuwar nan Baba ya ƙare rayuwarsa yana auna yadi. Inna kuwa 'yar mutanen Borno ce, tun tana ƙarama aka kawo ta Kano, kuma mace ce mai taurin rai. Har na yi aure na haihu ban taɓa ganin hawayenta ba. Saboda haka da ta shiga takaba, aka ga kullum gefen mayafinta a jiƙe, sai masu zuwa gaisuwa suka samu abin faɗa.

"Allah sarki, ashe haka Hajiya take son Alhaji!"

Na dawo gida don in zauna da ita, kuma ni ma haka na ɗauka. Idon ya yi ja, Gwaggo ƙanwar Baba ta ce ai rashin kwalli ne, tunda mai takaba ba ta sa shi, kuma Inna ba ta taɓa kwana ɗaya babu shi ba. Duk wanda ya shigo sai ya ce ta yi haƙuri. Ita kuma ta sunkuyar da kai, ta goge ido, ta ce ta gode.

Mutum ɗaya ce ba ta nan, wato Iya, wadda Inna take kira Alhaja, maƙwabciyarmu da katanga kawai ta raba mu. Bayarabiya ce haifaffiyar Sabon Gari, Hausarta ta fi tawa daɗi, kuma tana da shago a kasuwar can, tana sayar da hoda da jambaki da gashin idon nan na kanti da 'yan mata suke liƙawa. Inna takan tsokane ta da cewa ta tsufa tana sayar wa 'ya'yan mutane gashin ƙarya. Rasuwar ta same ta a Ilori, wajen 'yarta da ta haihu, sai da makonni suka shuɗe ta dawo.

Da hantsi ta shigo, ta yi ta'aziyya, ta zauna a tabarma tana kallon ƙawarta. Can sai ta karkace kai.

"Hajiya, wannan wane irin kuka ne na ido ɗaya? Shi na daman bai san Alhaji ba ne?"

Gwaggo ta saki salati. Ni kuwa na ji kamar in nutse don kunya. Iya ko a jikinta, ta kama hannun Inna ta jawo ta tsakar gida wajen haske, ta ɗaga fatar idon da babban yatsa, ta ce in zo in gani. Gashin idon na sama ya juya ciki gaba ɗaya, ya kwanta a kan ƙwayar idon, duk ƙiftawa sai ya share ta kamar tsintsiya.

"Tun yaushe kike jin wannan?" in ji Iya.

Inna ta ce tun kafin rasuwa take jin kamar an zuba mata yashi, yanzu kuma har baƙin Alƙur'aninta mai manyan rubutu sai ta rufe idon hagu take ganinsa.

"To me ya hana ki faɗa?"

"Alhaja, mijina yana kabari, in buɗe baki in ce idona?"

Iya ta shiga gida ta dawo da matsefata, ta tafasa ta a ruwa, ta sa kan Inna a cinyarta, ta riƙa cire gashin a hankali tun daga saiwa. Ta ce in ya karye a tsakiya, guntun ya fi suka. Da ta gama, Inna ta ƙifta, ta sake ƙiftawa, ta sauke ajiyar zuciyar da har yanzu nake ji a kunnena.

Sai dai gashin ido ba ya fushi, ana cire shi yake sake tsirowa. Duk lokacin da ya dawo, Iya takan biyo kafin ta tafi kasuwa, ta cire, ta kuma ce a je asibitin ido da ke Sabon Gari. Inna ta ce ba za ta keta Sabon Gari da takaba a kanta ba, a bari ta fita tukuna. Na aika aka tambayi limamin unguwa, ya ce lalura ta halatta mata fita da rana. Ta ce shi malam ba shi za a yi da shi a gidan suna ba. Na yi magiya, na yi fushi har na ɗaga murya, duk a banza. Ana cikin haka wani ɗan farin ɗigo ya bayyana a baƙin idon, na tsorata ƙwarai, don na san makanta ce take sallama.

Ranar da Iya ta ga ɗigon nan, sai ta mayar da matsefatarta cikin jaka.

"Na daina. Ni nake lallaɓa miki ciwon har ya cinye idon. Ga adaidaita sahu can a ƙofa. Ki shiga tsakiya, ni a nan, 'yarki a can. Duk wanda ya gan ki, ki turo min shi shago."

Inna ta harare ta da ido mai lafiyar, ta daɗe, sannan ta ce in miƙo mata hijabinta.

A asibiti wata likita mai sanyin murya ta duba, ta tambaye ta ko ta yi ciwon ido tana yarinya. Inna ta ce a ƙauyensu wane yaro ne bai yi ba. Likitar ta ce amosanin ido ne, ya warke ya bar tabo a cikin fatar, tabon ya yi ta tsukewa shekara da shekaru har ya lanƙwaso bakin fatar ciki. Gashin da Allah ya dasa don ya tare ƙura, ya kuma sa ido ya rufe in wani abu ya doso shi, shi ne ya koma yana kankare shi. Aka yi mata ɗan aiki aka juyo fatar waje, a ranar muka dawo gida. Ɗigon bai ɓace ba, amma ya tsaya a gefe, bai hau kan gani ba. Ban san da bakin da zan gode wa Iya ba, har yau kuma ban sani ba.

Da aka cire zaren ɗinkin, idon ya bushe sarai. Wata safiya Inna ta ɗauko Alƙur'aninta tana karatu da ido biyu, ni da Iya muna gefe muna gyaran alayyafo. Da ta ɗaga kai, sai idonta ya sauka a kan hular Baba da ke rataye a ƙusa tun ranar da aka fita da shi. Ta tsaya da karatun. Kafaɗunta suka fara rawa.

Na zabura, na ce ko gashin ne ya dawo. Iya ta matsa ta leƙa fuskarta, ta duba hagu, ta duba dama, duka biyun suna zuba. Sai ta jawo ni ta zaunar.

"Ƙyale ta," in ji Iya. "Wannan na Alhaji ne."