Shingen da Ruwa Ya Kashe wa Lailatu

Lailatu ba ta taɓa noman lambu ba sai da ciwon ɓarin jiki ya kwantar da mijinta, Malam Yunusa. A bayan gidansu na Sundimina ta share fili, ta zuba alayyahu da kuɓewa, don a samu na miya. Awakin maƙwabcinsu Barau kuwa ba su san marar lafiya ba. Ta yi ƙorafi, ya ce dabba ai ba ta da hankali. Shi mai hankalin fa? Ta kafa zana, gara ta cinye.

Da ta je suna Maruta, ta ga yayarta Jannat ta kewaye lambu da wata shuka mai ƙaya, faffaɗa kamar tafin hannu, wani kan wani. Lailatu ta ja baya, ta ɗauka ƙyarana ce mai farin ruwan nan da ke lalata ido. Jannat ta ɓalle ɗaya ta nuna mata: babu farin ruwa. Ta cika mata kwando, ta ce ta shanya su a inuwa sai bakin yankan ya bushe, sannan ta kafa a yashi.

"Kuma kar ki ba su ruwa, Lailatu. Na san halinki."

To, mace da ta tashi tana ganin ana zagin wanda ya bar shuka da ƙishi, ina za ta iya? A ranar ta binne su ɗanye, ta zuba taki, safe da yamma tana jan guga har kafaɗarta ta riƙe. Ƙananan ƙayoyin suka cika mata yatsu, ko shafa wa Malam man zafi sai da cije leɓe.

Waɗanda ta binne suka yi laushi, suka yi baƙi, suka ruɓe da wari. Awaki suka tsallake ruɓaɓɓen suka shiga alayyahu. 'Yan kaɗan da suka zube gindin katanga, ba ta ko kalle su ba, su ne suka yi saiwa. Ta kira Jannat a waya, yayar ta ce mata shinge kam sai shekaru.

Yanzu a bakin lambun take yini da sanda. Jiya Malam ya kira daga ɗaki, yana son a juya shi, akuyar Barau na tsaye tana kallon sauran kuɓewar. Lailatu ta ajiye sandar ta shiga.