Yadda Tobina Ya Zaɓa Min Babur

"Ya ammi, ƙaramin dabbab za ka koya ko babba?" in ji malamin tuƙi yana haɗawa da Larabci, yau da na je neman lasin babur don aikin kai saƙo.

Ni da ko keke sai an riƙe min, na ce, "Babba mana, irin na samarin unguwar Abhur!"

Ina ɗaga ƙafa zan hau, sai ɓaaar! Tobin sallata, doguwar rigar da matata Maman Hanan ta goge da safe, ya tsage har cinya.

Malamin ya ce, "Ƙaramin ba a ɗaga masa ƙafa, zama kawai ake yi."

Na ce, "Halas, shi ke nan, dama shi nake nufi."

Ga ni a ƙofar gida, na damƙe tsagar da hannu. Jama'a, me zan ce wa matar nan?